Acha a Buhun Fulawa

Jama'a ku gyara zama, don abin da ya same ni makon nan har yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Jawahir, 'yar Alhaji Kyari mai yadi a Kantin Kwari. A Fagge aka haife ni, a nan na girma, amma kina sako ƙafa a zaurenmu ƙamshin turaren wuta zai gaya miki asalinmu Barno ne. Ina da ɗan shago a Sabon Gari, a wani lungu, tsakanin mai gyaran fanka da wata mai ɗinkin kayan 'yan kwaya na coci. Faɗinsa kuwa, in na ware hannuwana sai in taɓa bangon nan da bangon can. A saman ƙofa an rubuta da koren fenti: BA ALKAMA.

Abin da nake sayarwa ke nan, abincin da alkama ba ta taɓa ba. Garin acha, garin tamba, garin rogo, cincin ɗin shinkafa, da wani biredi da nake gasawa wanda Hajja, mahaifiyata, ta ce in aka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti. Ba iyayi ne ya kai ni wannan sana'a ba. Na daɗe ina fama da ciwon ciki, na rame na zama kamar sillen kara. An ce taifot, an ce olsa, Hajja har rubutu ta sa aka yi min na sha. Daga ƙarshe wani likita ya gano akwai wani abu a cikin alkama da ake kira gulutin, hanjina ba ya shiri da shi. Ba sai na ci taliya ko fanke ba, ko ƙurar fulawa ce ta shiga abincina na shiga uku.

Kasuwa fa sai a hankali. Mace za ta shigo ta ɗaga ledar garin acha, tana jin kuɗin ta ajiye kamar ta taɓa garwashi.

"Wannan ɗin? Kakata a ƙauye kaji take watsa wa!"

Wata ta ce maganin rage ƙiba ne? Wani ya ce na masu suga ne? Wani dattijo ya taɓa tsayawa ya karanta allon, ya leƙo ya ce, "To 'yar nan, in babu alkamar me ya sa ba za ki saro ba?" Ba sa ganin cewa ko injin niƙan unguwa ba na iya kai hatsina, don a nan ake niƙa alkamar kowa. Nawa ɗan ƙaramin inji na ajiye a bayan kantar shago, shi ma sai ranar da 'yan Nepa suka tashi da rahama. Masu sayen kayana na gaskiya ba su da yawa. Na san sunan kowa, na san ciwon kowa.

A cikinsu babu kamar Maman Tracy. Sunanta Julie, 'yar Wusasa ce, malamar firamare a nan Sabon Gari. Ciwon 'yarta Tracy irin nawa ne, amma ya fi nawa tsanani, sau biyu ana kwantar da ita da ƙarin ruwa. Maman Tracy ba ta taya kaya, ba ta neman ragi. Duk abin da ta ɗauka, tambaya ɗaya take yi min tana kallon tsakiyar idona.

"Ƙanwata, kin tabbata?"

In ce, "Na tabbata." Shi ke nan, ta saka a jaka. Wallahi a kan kalmar nan shagon yake tsaye, ba a kan bulo da siminti ba.

To yanzu ku ji inda Allah ya jarrabe ni. Duk samarin da ke Kano, wanda ya ce yana sona dilan fulawa ne.

Bahauddeen ke nan. Dogo, baƙi, mai wushirya, shadda ruwan toka da hula zanna, amma girarsa kullum fara fat kamar ya tsufa tun yana saurayi. Ranar da ya fara zuwa ruwan sama ne ya koro shi. Ya ɗaga kai ya karanta allo, ya yi dariya.

"Baiwar Allah, me alkama ta yi miki kika kafa mata allo?"

Ya ɗaga ƙafa zai shigo, na hango farin gari a kafaɗarsa. Ban san lokacin da na ɗauki tsintsiya na gindaya a ƙofa ba.

"Malam, iyakarka nan."

A nan ya tsaya ruwa yana dukan rabin jikinsa, yana ta dariya. Tun daga ranar bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba. Shi da kansa ya sa kafinta ya yi masa ɗan benci a waje, har mai gyaran fanka yana ce wa wurin ofishin Bahauddeen. Yana zaune a can, ina tsaye a bayan kanta, haka muke zance kamar masu ziyarar gidan yari.

Hajja kuwa ta mutu a kansa. Kullum maganarta ɗaya: "Ni'ima ƙanwarki ga ta da goyo, ke kina nan kina auren garin tamba. Yaro ɗan mutunci, in ya gaishe ni har ƙasa. Me kike jira?"

In ce, "Hajja, ina tunani."

Ba ƙarya nake ba. Ina sonsa, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. In la'asar ta yi bencin nan babu kowa, sai in ji ranar ba ta yi min daɗi ba. Amma ta yaya zan zauna gida ɗaya da mutumin da ko hularsa ya kaɗa zan kwana ina murƙususu? Abin da ya hana ni cewa ya turo ke nan.

Ana cikin haka acha ta yanke min. Matar da take aiko min daga Kafanchan ta bugo waya ta ce ɗan abin da nake saya bai kai ta wahalar mota ba, in yi haƙuri. Ta kasuwa kuma ba na taɓawa, don da kwano ɗaya ake auna acha da alkama. Kantata ta sama ta zama fayau, sai na jera kwalaben zuma don kada ido ya ga ramin. Ga shi kuma Maman Tracy ta riga ta ba ni aiki: kek na garin acha, na bikin ranar haihuwar Tracy. Yarinyar nan tunda aka gano ciwonta kek ɗin kowa sai dai ta kalla da ido.

Da takaici ya ishe ni na tura wa Bahauddeen saƙo: "Acha ta ƙare. Ina ganin rufe shagon nan zan yi in koma sayar da fanke kamar kowa."

Ya amsa: "Allah ya huci zuciyar Hajiyar Acha."

Daga nan ɗif. Benci ya kwana biyu babu mai shi. Na yi fushi, na sauya hotona na waya zuwa baƙin fure, bai ko tanka ba.

Ranar Asabar da yamma na sauka daga adaidaita a bakin layinmu, sai na ga a-kori-kura tana fita. Matan maƙwabta duk sun leƙo ta ƙofa, kowa da murmushin gulma a baki. Ina shiga na tarar da Hajja a tsakar gida, ta yafa lafayarta ruwan hoda ta zuwa biki, tana zagaye wasu buhuna huɗu kamar an kawo lefe.

"Zo ki gani! Zo ki ga abin arziki!"

Acha ce, jama'a. Fara sol, wankakkiya, babu tsakuwa ko ɗaya, ƙamshin sabon hatsi yana tashi. Wayata ta yi ƙara, saƙonsa ne na murya. Muryar duk ta dishe da gajiya.

"Ranki ya daɗe, da kaina na je har Kafanchan, har ƙauyen da ake sussuka. Kin ga buhunan da suka so zuba min? Na taki ne, duk datti. Na ce Allah ya kiyaye, kayan Jawahir ba za su shiga nan ba. Dama na tafi da namu na shago masu tsabta. Na sa an juya cikinsu waje, an kakkaɓe tas."

Na sunkuya na duba gefen buhun. Ta cikin saƙar ana hango hoton zangarniyar alkama a juye. Na cusa yatsa a bakin ɗinkin na ja, ya fito fari.

Kada ku zage shi, don Allah. Duk Kano wa bai san buhun fulawa shi ne sarkin buhuna ba? A ciki ake adana geron azumi, a ciki amarya take ƙulle kayan yajinta. In mutum yana son ya girmama hatsi, buhun fulawa yake nema masa. Shi a wajensa gata ya yi wa achar.

Na zauna daɓas a kan turmi. Hajja ta dube ni.

"Lafiya? Ko murnar ce ta kashe miki ƙafa?"

"Hajja, ba zan iya sayar da ita ba. Buhun fulawa ne."

"To sai me? Ba ya ce an kakkaɓe ba?"

Na nuna mata yatsana.

"Wannan ɗan abin? Ai acha dama sai an wanke an rege. Ki wanke ta sau bakwai in kina so, ruwa ne babu a gidan nan?"

"Fulawa in ta ji ruwa danƙo take yi, Hajja. Ƙwayar acha kuma kin san ƙanƙantarta. Ko na kwana ina wanki ba zan iya rantsewa ba."

"Wa ya ce ki rantse? Kotu za ki je?"

Ta tafa hannu ta kama haɓa.

"To bari ki ji, 'yar boko. Duk Fagge ta ga shigowar kayan nan. Toshi ne, ko kin so ko kin ƙi. In suka fita daga gidan nan a mota, kin san sunan abin: kin mayar masa da kayansa. Babu namijin da za a yi wa haka ya sake tako layin. Ki yi tunani, tunda ke gwanar tunani ce."

Ba zan yi muku ƙarya ba, Shaiɗan ya zo min da shawara mai daɗi. Ranar Litinin na ɗebi kwano biyu na wanke, na sake wankewa, na shanya a farin zani, na tafi da ita shago a cikin jakata. Na ce a raina ai ta fita. Wa zai sani? Ga kanta babu kaya, ga mai ba ni hayar shago ya fara yi min gaisuwar da ta wuce ta lafiya, ga Bahauddeen da ya sha rana da ramukan hanya saboda ni.

Wajen azahar sai ga Maman Tracy, da rigar atamfa da jakar littattafan 'yan makaranta. Ta hango ledar a kan kantar shago, fuskarta ta washe.

"Yauwa! Ta iso ke nan? Kai, Tracy za ta yi rawa yau. Tun makon jiya take gaya wa 'yan ajinsu za a yanka mata kek."

Ta ɗaga ledar ta jinjina, sannan ta kalli tsakiyar idona.

"Ƙanwata, kin tabbata?"

Bakina ya buɗe. Kalmar tana nan a kan harshena, na saba da ita kamar sunana. Amma ta ƙi fita.

"Ban tabbata ba, Anti."

Na karɓe ledar daga hannunta na gaya mata komai. Idonta ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo.

"To me zan gaya wa yarinyar nan yanzu?"

"Zan yi mata sinasir na shinkafa, in jera shi sama-sama, in zuba zuma, mu kafa kyandir a kai. Ba kek ba ne, na sani."

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Za ta yi kuka. Amma gara ta yi kukan a gida da a gadon asibiti." Har ta kai ƙofa ta juyo, ta nuna bencin da baki. "Shi kuma wannan bawan Allah, kada ki kashe shi da faɗa. Mijina ko kasuwar Sabon Gari na aike shi sai ya ce ƙafarsa na ciwo."

Bayan la'asar ya zo, da sabuwar shadda fara da murmushi har kunne, yana jiran yabo. Ya zauna a ofishinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa, ina wasa da gefen mayafina don ba zan iya kallonsa ba. Murmushin ya dinga raguwa har ya ƙare.

"Duka huɗun?"

"Duka."

"Ko an wanke?"

"Ko an wanke."

Ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar. "Ni na ɗauka gyara na yi."

"Na sani, Bahauddeen."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, sai kuma ya tuna inda yake, ya matsa can nesa da ƙofa ya ƙarasa kaɗewar. Wannan ɗan matsawar ita ta karya min zuciya.

"Ba komai," ya ce. "In kin shirya ki gaya min, sai in turo mota a kwashe."

Ya tafi bai waiwayo ba. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, na ji kamar an zare min wani abu a ƙirji.

A adaidaita ina ta juya maganar. In sayar, na ci amanar Tracy. In mayar, na rasa shi. Mu ci a gida kuwa, buhu huɗu, ni ba ci zan yi ba, Baba kuma in ya ga faten acha sau biyu a jere sai ya ce ko an kwantar da shi a asibiti ne bai sani ba. Muna hawa gadar jirgi wata dabara ta faɗo min, na ji kunya ta rufe ni tun kafin in isa gida.

Na tarar da Hajja tana tankaɗe. Na wuce kicin na ɗauko kwanon awo na ajiye a gabanta.

"Hajja, a raba."

"A raba me?"

"Achar. A kai wa dangi da maƙwabta."

Ta ajiye rariya a hankali. "Jawahir, kin san abin da kike faɗa? Kayan saurayi ba a raba shi don ya yi yawa. Duk gidan da kwanon nan ya shiga sai an tambaye ni na waye, ni kuma sai na faɗa. In na faɗa, magana ta fita ke nan, ba ta dawowa."

Na sunkuyar da kai. "A raba, Hajja."

Wayyo, guɗar da matar nan ta rangaɗa, sai da tattabarun maƙwabta suka tashi. Ba ta aiki kowa ba. Washegari da hantsi ta kira Ni'ima, suka ƙulla acha leda-leda, ta sha lafaya da humra, ta bi gidaje da ƙafarta. Matar da kullum take kukan gwiwa, ranar har gidan ƙanwar Baba a bayan tashar jirgin ƙasa ta je. Kafin azahar wayata ta cika da "Allah ya sanya alheri" da hotunan zobe.

Na tura masa saƙo: "Ba sai ka turo mota ba. Hajja ta rabar."

Ya buɗe. Na ga alamar ya karanta. Bai ce komai ba.

Jama'a, wunin nan na ga tashin hankali. Na share shago sau babu adadi. Na yi wa mai gyaran fanka tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ce shi ke nan, na tallata kaina a Fagge, mutumin kuma ya yi zuciya. Benci yana nan a waje, ko kuda bai sauka a kai ba.

Bayan magariba Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a kan dardumarsa, ya ce a kira ni. Baba ba mai yawan magana ba ne, in ya kira ka da suna to akwai dalili. Na durƙusa a gefe. Hajja ta laɓe a bakin ƙofa tana yi kamar tana gyara labule.

"Yau wani yaro ya zo rumfata," ya ce. "Ya durƙusa har ƙasa, ya ce in yanko masa farin alawayyo bandir guda. Na ce inna lillahi, wa ya rasu? Ya ce babu kowa, Baba, buhu zan ɗinka."

Hajja ta toshe baki da lafaya.

"Na ce buhu da sabon yadi? Ya ce e, wanda komai bai taɓa shiga cikinsa ba. Wai gobe zai koma Kafanchan. Ya ce kuma kada in ba shi a hannu, in sa a leda in ɗaure, don daga shago yake." Baba ya girgiza kai. "Na shekara talatin a Kwari ban taɓa ganin mai saye yana gudun kayansa ba."

Hawaye suka zubo min, ina dariya ina sharewa. Baba ya bar ni na gama. Sannan ya gyara zama ya kalli tsakiyar idona, irin kallon da na sani sarai.

"Uwarki ta riga ta cika gari. Amma ni daga bakinki nake son ji. Yaron nan, da sana'arsa da komai. Kin tabbata?"

Wannan karon kalmar ba ta tsaya min a wuya ba.

"Na tabbata, Baba."

"To ki ce ya turo."

Na tashi da gudu na faɗa ɗaki na rufe fuska da filo. Sai ga wayata ta yi ƙara. Shi ne, a ƙarshe.

"Hajiyar Acha, afuwan, ina wajen tela ne. Albishirinki: labari ya kai wa Hajiyarmu. Ta ce lallai ki zo ranar Juma'a ta gan ki. Murna take kamar me, tun ɗazu ta sa a jiƙa alkama, wai da hannunta za ta yi miki alkaki."

Na karanta, na sake karantawa. Jama'a, ashe bawan Allahn nan bai gaya wa uwarsa ba.